Biko Daga Suwidin

Ƙanwata ta yi aure ta tafi Suwidin, ni kuwa ina nan unguwar Hindawiyya, ba nisa da Harami, inda aka haife mu, ina suyar waina da safe, da rana in tuƙa tuwo in sayar wa direbobin tasi da masu aikin gini. Idan Hajji ya matso a kwashe mu a kai Arfa aikin girki. Ƙanwar tawa ita ce autarmu, kuma tun da mahaifiyarmu ta rasu ni na zame mata uwa. A shekarun da ake ta rushe-rushe ana faɗaɗa Harami abin nan ya faru, lokacin 'ya'yanta biyu.

Ita ta ga mijin ta ce tana so. Ɗan abokin kasuwancin kawunmu ne, ya zo Hajji daga Suwidin inda yake tuƙin bas. Dogo ne, mai tsafta, idan yana magana sai ka matso kafin ka ji abin da yake faɗa. Kawu ya yaba da shi, ni ma ban ga abin kushewa ba. Aka ɗaura aure, takardu suka ɗauki lokacinsu, ta bi shi.

Da ta haihu sai hotuna suka fara shigowa wayata. Ga mijin nan ya ɗaure jariri a ƙirji da wani abu mai maɗauri. Ga shi yana tura keken jarirai cikin ƙanƙara. Ga shi a kicin ya ɗaura ƙyalle a ƙugu yana juya miya. Wayar nan tawa ta zaga Hindawiyya, har maiƙo ta yi don taɓawa. Wata maƙwabciyata ta kai wa mijinta har gaban hanci ta ce, "Shuf, dubi namiji! Kai ko kofin shayinka sai an ɗauke maka." Shi kuwa ya ce a bar shi da Hindawiyyarsa, ba ya son ƙasar da za a goya masa yaro.

Auta ta yi mini bayani. A can, in ji ta, idan aka yi haihuwa har uban ana ba shi hutu daga wurin aiki ya zauna raino. Ka je wurin wasan yara da hantsi ka tarar da maza zaune a jere, kowa da kekensa, suna shan gahawa suna hirar haƙoran jarirai. Namijin da ya ce ba ya canza wa ɗansa ƙunzugu, kallon mara wayewa ake yi masa. Mijinta ya koyi wannan duka tun kafin ya gama koyon yarensu. Na yi murna ƙwarai, na ce 'yar nan ta huta.

Sannu a hankali ta daina kiran bidiyo. Sai murya kawai, muryar ma a taƙaice. Idan na tambaya ta ce sanyi ne, ko ta ce duhu ne, wai da sanyi rana ba ta daɗewa take faɗuwa, mutum ya yi ta jin kasala. Na sha matsa mata, ta sha kauce mini. Auta tun tana ƙarama idan ta rufe baki, sai ranar da ta ga dama.

Wata rana bayan azahar ina wanke tukwane, lambar da ban sani ba ta kira ni.

"Yaya, ni ce. Ba na gida."

"Kina ina?"

"Wani wuri ne da ake ajiye mata. Ni da yara. Ba a faɗin inda yake."

Na zauna a kan bokiti. Ta faɗa mini komai a jere, ba kuka, kamar mai ba da labarin wata. Tun haihuwar fari yake dukanta. Zai dawo da yaro daga wurin wasa, ya gaisa da maƙwabta a matakala, ya cire wa yaron takalma, ya rufe ƙofa, sannan ya juyo kanta. Laifin ba ya da girma: ta daɗe a makarantar koyon yare, ta yi wa mai kanti dariya, ta tambayi inda kuɗi suka tafi. Wannan karon ya murɗe mata hannu har ya karye. Wata tsohuwa 'yar ƙasar, wadda bango ɗaya ya raba su, ita ta ji ta buga wa 'yan sanda waya. Tsohuwar da ko sau ɗaya ba ta taɓa shiga gidansu ba, gaisuwarta ma da ka take yi.

Wannan ya tsaya mini a rai. Mu a Hindawiyya idan aka ji ihu, kafin ka ce me, ɗakin ya cika. A riƙe mijin, a ɗaga matar, a ce a yi haƙuri, kowa ya koma girkinsa, mako mai zuwa a sake. Su a can ba mai shigo maka, amma akwai mai ɗaga waya. Na daɗe ina auna su biyun, kuma a kan 'yar'uwata dai na san wanne ya yi mini rana.

Na ce mata wurin nan duk baƙi ne irinki ko? A nan ne ta yi 'yar dariya.

"Yaya, har da 'yan ƙasar, farare fat. Akwai malamar makaranta. Akwai wadda mijinta sai ranar Juma'a idan ya sha giya yake dukanta. Akwai wadda bai taɓa marinta ba, amma wayarta da katin bankinta suna aljihunsa, ko kanti za ta sai ya bi ta. Duk mazan nan suna tura keke, Yaya. A nan kowane namiji ya san abin da ake so ya faɗa a gaban mutane, kuma duk sun iya faɗa."

Mijin nata kuwa ya ɗan kwana a hannun 'yan sanda aka sake shi, aka kafa masa doka kada ya kira ta, kada ya je kusa da ita. Bai ma san inda take ba. To ina Bahaushe yake zuwa idan matarsa ta bar gida? Wurin danginta. Ya nemi bizar Umra ya sayi tikiti, ya kira Kawu ya ce yana nan tafe biko.

Da na gaya wa Auta sai ta faɗi maganar da ta hana ni sukuni.

"Yaya, duk abin da ke da Kawu kuka yanke, shi zan yi. Idan kun ce in koma, zan koma."

"Su masu wurin me suka ce?"

"Sun ce shawara tawa ce ni kaɗai. Kullum haka suke ce mini. Ni kuwa ban taɓa yanke abu ni kaɗai ba. Yara suna ta tambayar babansu. Ba ni da kowa a nan."

Raina ya ɓaci, ba da ita ba, da yadda nauyin ya faɗo. Mace da karyayyen hannu tana can ƙarshen duniya, komawarta hannun wanda ya karya shi ta rataya a kan abin da za a faɗa a ɗakina. Na ce ta jira kirana, kada ta motsa.

Kawunmu ƙanen mahaifiyarmu ne, yana zaune a unguwar Shisha. Ya tsufa a sayar da carbi da dadduma, gwiwa ta sa ya bar wa 'ya'yansa shagon. Mutumin kirki ne, kuma Allah Ya ɗora masa son sulhu. Auren da ya ɗinke a garin nan ba ya ƙirguwa, wasu sun yi kyau, wasu da an bar su a yage da ya fi. Da na je masa da maganar, tun kafin in zauna ya riga ya gano mai laifi.

"Ƙasar ce, 'yata. Ƙasar da mace za ta kira wa mijinta shurɗa, ina aure zai zauna?"

"Kawu, ba ita ta kira 'yan sandan ba. Maƙwabciya ce."

"To kin ji! Har maƙwabta ma."

Ya so a yi zaman a falonsa mai sanyin na'ura. Na ce a'a. Mace idan ta yi yaji ɗakin uwarta take zuwa, can kuma ake bin ta biko. Uwar Auta ni ce. Idan yana son matarsa ya hau matakalar gidana. Kawu ya ce taurin kaina na gado ne, amma ya yarda.

Ina da dalili. Lokacin da mahaifiyarmu take raye, ɗakinta ne matattarar masu yaji a layinmu, har waɗanda ba danginmu ba. Tana da ƙa'ida guda wadda ba ta sassautawa. Mijin da ya zo biko zai zauna gaban dangin matar, matar tana bayan labule tana ji, ya faɗi da bakinsa abin da ya yi mata. Ba ta karɓar "saɓani aka samu", ba ta karɓar "Shaiɗan ne". Idan zagi ne ya ce na zage ta. Idan mari ne ya ce na mare ta. Na ga ƙattin maza suna zufa a kan wannan 'yar magana. Wanda ya iya faɗa, sai a shiga batun komawa. Wanda ya kasa, ya sha shayinsa ya tafi ya ƙara tunani. A kan wannan na tashi, kuma da shi na yi niyyar tarbar baƙona.

Ya zo bayan la'asar tare da Kawu. Ya riga ya yi Umrarsa, kai a aske, farar jallabiya sai ƙamshi. Ya shigo da jakunkuna: abaya, turare, cakulan na can, da ƙullin goro wanda na san Kawu ne ya ce ya saya. Ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni. Da na tashi kawo shayi sai ya yi wuf ya miƙe.

"Yaya, kawo in taya ki."

Ya karɓi faranti ya jera kofuna, ya zuba wa Kawu, ya zuba mini, sannan ya zuba wa kansa. Kawu ya dube ni ta gefen ido, irin kallon nan na kin gani ko. Na gani. Na kuma ga yadda idon baƙon ke komawa kan labulen ɗakin kwanana, alhali ya fi kowa sanin ba kowa a ciki.

Kawu ya buɗe da addu'a, ya yi magana mai tsawo a kan haƙuri da zumunci da yara biyu a baƙuwar ƙasa. Sannan ya ba mijin dama. Ya yi magana a hankali, kansa a ƙasa. Aiki ya yi masa yawa. Duhun ƙasar yana taɓa mutum. Mutanen can ba su san al'adarmu ba, ƙaramar mushkila sai su mai da ita babba, burinsu su raba iyali. Su ne suka cika mata kunne. Shi dai yana son matarsa da 'ya'yansa, ya zo a taimake shi don Allah da darajar wannan gari.

Na bari ya gama, na ajiye kofina.

"Me ka yi mata?"

"Yaya, saɓani ne irin na kowane gida."

"Ban tambaye ka gidajen mutane ba. Me ka yi mata?"

"Na yi kuskure, wallahi na yi nadama."

"Wane kuskure?"

Ya daɗe yana kallon dadduma. "Hannuna ya taɓa ta."

"Hannun naka shi kaɗai ya tashi ya je? Kai kana ina?"

Kawu ya gyara zama. "Halas, 'yata, ya isa. Mutum ya ce ya yi nadama."

"Kawu, haka yayarka take yi. A gabanka ta sha yi, ban taɓa jin ka ce mata ya isa ba."

Kawu ya jawo carbinsa.

Sai baƙona ya ciro waya ya matso kusa da ni yana shafa hotuna. "Yaya, ki duba. Wa yake yi musu wanka? Wa yake kai su makaranta? Wa yake girki idan ta tafi koyon yare? Ki zaga Hindawiyya ki nuna mini namiji ɗaya da yake yi wa matarsa haka. Ko 'yan ƙasar ba su fi ni ba."

"Na gani. Duk unguwar nan ta gani, har an yi wa maza gori da kai. Ba shi na tambaye ka ba."

"Ɗayyib. To ki faɗa mini unguwar da take kawai. Ba zan je ba. In dai san inda 'ya'yana suke."

"Ban sani ba. Da na sani ma ba zan faɗa maka ba."

Ban ga lokacin da ya miƙe ba. Na dai ji farantin shayi ya daki bango, kofuna suka tarwatse, shayi mai zafi ya fallatsar mini a ƙafa. Yana tsaye a kaina, muryar nan da sai an matso ake ji ta cika ɗakin har layi.

"Ke ce! Ke kike zuga ta! Mai suyar waina ce za ta raba ni da iyalina?"

Hannunsa yana sama. Na tsorata, ba zan ɓoye ba. Amma ban kauce ba, ban kuma sunkuyar da kai ba. A ɗakina nake. Na dube shi na ce a raina, ashe wannan fuskar Auta take gani idan an rufe ƙofa.

Kawu, wanda sai an kama shi yake tashi daga ƙasa, ban san yadda aka yi ba sai ga shi tsaye tsakaninmu, ko sandarsa bai ɗauka ba.

"Sauke hannunka. A gabana? A garin nan, da askin Umra a kanka?"

Ya sauke. Nan take kuma ya koma mutumin da ya shigo. Ya durƙusa yana ba da haƙuri, "ma'alesh, Kawu, ma'alesh, Yaya", ya shiga tsince gilashi. Manyan ya fara tarawa a tafin hannu. Ya tambaye ni ina tsintsiya, muryarsa ƙasa-ƙasa. Kafin in amsa ya hango ta bayan ƙofa ya ɗauko. Ya share tsakar ɗakin, ya ɗaga gefen dadduma ya share ƙarƙashi, ya jiƙa tsumma ya bi ƙasa da shi don ƙananan da ido ba ya gani, ya goge shayin da ya zubo a bango tun kafin ya bushe. Ni mai aikin girki ce, na san hannun da ya yi abu sau ɗaya da wanda ya yi shi sau da yawa. Wannan sharar ta fi ihun tayar mini da hankali.

Maƙwabta sun taru a bakin ƙofa kamar yadda aka saba, ana "lafiya, lafiya?" Na ce lafiya lau, kofi ne ya faɗi, su koma. Kawu yana tsaye dafe da bango, bai ɗauke ido daga kan mai sharar ba har ya gama ya mayar da tsintsiya inda ya ɗauko ta.

"Ka saba," in ji Kawu.

"Kawu, don Allah..."

"Ka saba, yaro. Ɗauki kayanka."

Ya so ya bar jakunkunan. Kawu ya ce har goron ya tafi da shi. Ya kwashe ya fita, yana ta gaishe da matan da ke matakala ɗaya bayan ɗaya cikin ladabi. Har yau akwai waɗanda ke cewa ni na kore wa ƙanwata miji na gari, kuma ban taɓa ɓata bakina wajen yi musu bayani ba.

Na taimaka wa Kawu ya zauna. Gwiwar ta fara karɓar bashinta. Na san abin da yake yi, yana tuno matan da ya mayar gidajensu da bakinsa mai daɗi, ban kuwa taya shi ba. Can ya nisa.

"Ƙasar nan tasu dai har gobe ban yarda da ita ba. Amma tsohuwar nan mai waya, idan da hali a ce ina gaishe ta." Ya share fuska da gefen rawaninsa. "Kira yarinyar. Ki ce ni na ce."

Na kira lambar. Bugu ɗaya ta ɗauka.

"Yaya?"

"Auta, ki zauna inda kike. Ni da Kawu mun ce ki zauna. Ba za ki koma ba. Abin da ya rage kuma, na takarda da na kotu da na yara, ki bi shi yadda kika ga ya fi miki, muna bayanki."

Na ɗauka layin ne ya yanke, na duba wayar na mayar kunne. Sai na ji numfashinta, da muryar ƙaramin yana yi mata magana da yaren can.

"Auta, kina ji na?"

"Ina ji, Yaya. Na san Kawu da sulhu, na ɗauka cewa za ku yi in koma. Bari in cire wa yara takalma da rigunan sanyi. Tun safe na shirya su, muna zaune a bakin gado."

Ba ta kashe wayar ba, ta ajiye ta a gefe. Ina ji tana zuge musu zif ɗaya bayan ɗaya, a hankali, da hannu guda.